Ƴancin Ɗa a Gidan Ubansa

Akwai kalmomin da yawan faɗa ke cinye wa ma'ana, kamar yadda yawan hannu ke goge rubutun da ke jikin dala. Ƴanci na cikinsu. A unguwarmu ta Talaje, wadda takardun hukuma ke rubutawa Talladjé, can kudu maso gabashin birnin Yamai a kan hanyar filin jirgin sama na Diori Hamani, da wuya rana ta fito ta faɗi mutum bai ji wannan kalma ba: a rediyo, a cikin faba-faba, a fadar samari inda ake dafa shayi har tsakar dare. Ɗan siyasa in ya ambace ta ƙasa yake nufi, ɗan lakkol na nufin ranar da zai daina miƙa wa mahaifinsa hannu, matar da aure ya yi wa zafi kuwa takardar saki take hange. Kowa da inda kalmar ke yi masa ƙaiƙayi, amma kusan duka sun haɗu a kan abu guda: mai ƴanci shi ne wanda ba kowa a bisa kansa, ba ya jiran kowa, ba ya roƙon kowa. Ni Kirista ne, Bahaushe, haifaffen ƙasar Maraɗi, kuma addinin da na tashi a cikinsa ya koya mini abin da ya yi kama da kishiyar wannan, wato mutum ba ya samun cikakken ƴanci sai ya jingina rayuwarsa ga Allah ɗungum. Na daɗe ina juya wannan magana a zuciya, har na lura cewa harshenmu ya riga malaman tauhidi faɗinta.

Faransanci na da kalmomi uku a wannan fage, liberté da indépendance da souveraineté, kowace da muhallinta. Hausa kuwa daga cikin gida ta ɗauko tata. Ƴanci daga ƴa ya fito, wato ɗiya, tushen kalmar ƴaƴa. Shi ya sa a Hausar yamma, ta Gobir da Adar da Sakkwato, har gobe ake cewa ɗiyauci. A bakin kakanninmu kishiyar bawa ɗa ne, kishiyar baiwa kuma ɗiya, kuma in an ƴanta mutum, an mai da shi ɗa ke nan. Kakata, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, in za ta yabi mutumin da ya cika alkawari ko ya ƙi cin amana, ba ta da yabon da ya wuce ta ce, "Wane ɗa ne." Abin da take nufi shi ne yana da uban da zai ji kunyar ɓata wa suna, yana da gidan komawa, yana da dangin da za su tsaya masa ranar wuya. Ke nan a tunanin Bahaushen dā, ƴanci zama ne a cikin zumunci, mutum ya san na wane ne shi, a kuma san shi da haka.

Bawa shi ne wanda aka tsinke wa wannan igiya. Tarihin Dorugu ya ishe mu misali. Yaro ne daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram da mahara suka kama, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi Kukawa ta ƙasar Barno, inda Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Daga baya ya bi Heinrich Barth har Ingila a 1855, ya zauna da mai wa'azi J. F. Schön, wanda ya rubuta labarinsa daga bakinsa, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. Wanda ya san wannan labari ya san cewa babban ciwon bauta shi ne rabuwa: a cire yaro daga inda ake kiran sunansa da ƙauna, a kai shi inda ake kiran farashinsa.

Akwai kuma wani tsari na zamanin bauta da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin a kansa maganata za ta tsaya. Shi ne murgu. Bawa mai murgu yana iya barin gidan ubangidansa, ya zauna a wata unguwa ko wani gari, ya yi saƙa ko ƙira ko fatauci, ya kwanta sa'ad da ya ga dama, muddin yana biyan abin da aka yanka masa. Ɗan gida kuwa yana cikin gandu, yana noma a ƙarƙashin mahaifinsa tun hantsi har azahar, ba ya ɗaura aure sai da yardar manya, ba ya ɗiba daga rumbu sai an ba shi. In ido ne zai yi hukunci, mai murgu ya fi sakewa nesa ba kusa ba. Amma duk garin ya san wane ne ɗa a cikin su biyun, ya san wanda zai ci gādo da wanda za a iya sayarwa in ubangida ya shiga matsi. Yawancin abin da muke kira ƴanci a yau, in an tone shi, murgu ne.

Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, suka buɗe tasha a Tsibiri kusa da Maraɗi kafin ƙarshen shekarun 1920, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Iyayenmu da suka fara karanta shi sun tarar da wurare da yawa masu wuyar fahimta, amma wannan batu bai bukaci mai fassara ba, domin da harshen gida aka yi shi. A sura ta 8 ta Bisharar Yohanna, Yesu ya nuna wa masu alfahari da asalinsu cewa zunubi ubangida ne ga mai aikata shi, ya kuma bambanta matsayin bawa, wanda zamansa a gida na ɗan lokaci ne, da na ɗa, wanda gidan nasa ne. Manzo Bulus, a wasiƙunsa zuwa ga Galatiyawa da Romawa, ya kwatanta aikin Almasihu da fansa, kalmar da Bahaushe ya sani sarai, domin ita ce dukiyar da dangi ke harhaɗawa su karɓo nasu daga hannun wanda ya kama shi. Ƙarshen wannan fansa, a koyarwar Bulus, shi ne a karɓi mutum a matsayin ɗa, har ya iya kiran Allah Uba ba tare da rawar jiki ba. Ko sunan da muke kiran Mahalicci da shi, mu da ƴan'uwanmu Musulmi, yana ɗauke da wannan: Ubangiji, uban giji, wato uban gida. Kalma ɗaya ce bawa ke faɗa, ɗa ma ke faɗa. Abin da ke cikin zuciyar mai faɗin ne ya bambanta.

Misalin da ya fi kowane shiga raina shi ne na ƴaƴa biyu a sura ta 15 ta Bisharar Luka. Ƙaramin ya nemi rabonsa na gādo tun uban na da rai, abin da a ƙasar Hausa ma daidai yake da yi wa mahaifi fatan mutuwa. Ya tafi nesa, ya ci ya sha, ba mai tsawata masa. Da dukiya ta ƙare, yunwa ta faɗo, sai ya wayi gari yana kiwon aladun wani baƙo. Shawarar da ya yanke ta komawa gida ma shawarar bawa ce, domin barantaka ya yi niyyar roƙa, a ba shi aiki a biya shi lada. Uban ya ƙi wannan ciniki, ya sa masa riga da zobe da takalmi, alamun ɗan gida. Mutane sukan tsaya a nan, amma wan nasa ne ya fi ba ni tsoro. Bai taɓa barin gida ba, bai taɓa saɓa umarni ba, sai dai da ya buɗe baki, lissafin shekarun hidima ya fito, kamar ɗan ƙodago mai jiran sallama. Ashe mutum na iya kwana a ɗakin ubansa da zuciyar bawa. Majami'unmu ba su rasa irin wannan wa ba: mai bin Allah don tsoron bulala, mai ba da zakka kamar yana biyan haraji, wanda alherin da aka yi wa wani ke hana shi barci. Dogara ga Allah da Bishara ke nufi ta sha bamban da wannan, domin ita dogarar ɗa ce da ya san ba aikinsa ne ya saya masa gurbi a gidan ba.

A Talaje ba ma bukatar a kwatanta mana ƙasa mai nisa. Jirage na tashi a bisa rufin gidajenmu, yara na ɗaga kai suna bin su da ido har su ɓace. Waɗanda ba su da kuɗin jirgi sun san hanyar Agadas, daga can sai Libiya ko Aljeriya. Ba na zargin saurayin da ya gama lakkol shekaru biyar bai sami aiki ba, ya gaji da jiran mahaifiyarsa ta ba shi dala ashirin ta shayi. Neman na kai ba laifi ba ne, kuma ci-rani tsohuwar al'adarmu ce. Abin da ke ba ni tausayi shi ne yadda mai gudun dogara ga kowa ke ƙarewa a hannun wanda ya fi kowa rashin imani. A watan Nuwamba na 2017 tashar CNN ta nuna wa duniya hoton baƙaƙen fata ana cinikinsu a Libiya kamar awaki. Da ƙafarsu suka bar gida, ƴanci suka fita nema.

Abin da ke gaskiya ga mutum ɗaya, gaskiya ne ga ƙasa. Nijar ta sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma tun kafin nan jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mun ga dubban mutane sun yi dafifi a mararrabar Escadrille, ba nisa da mu, suna neman sojojin Faransa su fice, suka kuma fice a watan Disamba na shekarar. A cikin waɗannan watanni ne kuma takunkumin CEDEAO ya sa Nijeriya ta yanke wutar da take ba mu, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke tahowa daga tashar ruwan Kwatano suka tsaya. Muka zauna cikin duhu da zafi muna koyon abin da muka sani amma muka manta: kogin da muke sha daga tsaunukan Gini yake gangarowa, hatsin da ke cikin tukunyarmu wani manomi ne ya noma shi a ƙauye, shi ma sama yake kallo. Ban faɗi wannan don in rage darajar ƴancin ƙasa ba. Ƙasa na da haƙƙin riƙe ragamar kanta, zomo kuwa ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara. Abin da nake nufi shi ne, babu mahaluƙin da ke tsaye da ƙafarsa shi kaɗai. Dogara dole ce. Zaɓin da ya rage wa ɗan Adam shi ne ga wa zai dogara.

A nan ne koyarwar Kirista ta kafa hujjarta. Duk abin da mutum ya jingina da shi a duniya yana karɓar murgu. Wanda ya jingina da kuɗi zai biya da barcinsa. Wanda ya jingina da wani babban mutum zai biya da harshensa, ya yi dariya inda ba abin dariya, ya yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Wanda ya jingina da boka zai biya da zakara yau, gobe da rago, kuma tsoron da ya kai shi ba zai ragu ba, domin da tsoron ne bokan ke ci. Akwai kuma ubangidan da ya fi su duka yawan bayi a unguwanninmu, wato bakin mutane: saboda shi ake cin bashi a yi bikin da ya fi ƙarfin gida, saboda shi ake aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Agustin, limamin Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya bayyana yadda son zuciya ke zama sabo, sabo ya zama tilas, har mutum ya ga alheri ya kasa miƙa hannu. Bahaushe ya taƙaita masa: sabo turken wawa. Allah kaɗai ne ba ya cin riba da dogarar da aka yi gare shi, domin ba ya bukatar kome daga hannunmu. Wanda ya san cewa abincinsa da mutuncinsa da ranar mutuwarsa na hannun Uba, ya sami bakin cewa a'a ga duk waɗannan ƙananan iyayengiji.

Na san abin da mai karatu mai zurfin tunani zai ce, kuma ya cancanci amsa. Zai ce: ai da wannan magana ce iyayengiji suka kwantar da bayinsu shekaru aru-aru. A yi haƙuri, a dogara ga Allah, sakamako na lahira. Wannan zargi na da tushe. Jiragen da suka kwashi ƴan Afirka zuwa Amurka na ƙasashen da ke kiran kansu Kirista ne, kuma an sami masu wa'azin da suka ɗauko ayoyi suka ɗaure wa cinikin gindi. A ƙasarmu ma ba tatsuniya ba ce. An sayar da Hadizatu Mani a 1996, tana da shekara 12, a kan jika 240 na sefa. Dokar da ta mai da bauta babban laifi a Nijar ta fito a 2003, aka ba ta takardar ƴanci a 2005, duk da haka wanda ya saye ta ya ƙi sakinta, ya ce matarsa ce. Sai da ƙungiyar Timidria ta tsaya mata, har kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa ƙasa ta gaza kare ta, ta kuma umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Duk wanda ya je wa irin wannan mata da wa'azin ƴancin zuci alhali ƙafarta na cikin mari, ya yi wa Allah ƙarya.

Amsata ita ce, wa'azin iyayengiji rabin magana ne, an yanke mata kai. Littafin da ya ce a dogara ga Allah shi ne ya ba da labarin fitar da bayi daga Masar, kuma a cikinsa ne Bulus ya rubuta wa Filimon ya roƙe shi ya karɓi bawansa Onisimus a matsayin ɗan'uwa. In Allah ne uban gida, to babu ɗan Adam da ke da ikon hawa wannan kujera a kan ɗan'uwansa. Josephine Bakhita, wadda aka sace tana yarinya a Darfur, aka yi ta sayar da ita har ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata, ta fahimci wannan sarai. A 1889, a ƙasar Italiya, ta ƙi bin uwargijiyarta komawa Sudan, hukuma kuma ta tabbatar mata da ƴancinta. Har ta rasu a 1947 tana kiran Allah da kalmar da mutanen yankin Banis ke kiran ubangida da ita. Samun wannan Ubangida ne ya ba ta ƙarfin bijire wa na duniya. Ikilisiyar Katolika ta sa ta cikin tsarkaka a shekara ta 2000.

Mu Kiristocin Yamai an gwada mu a kan wannan darasi a watan Janairu na 2015. Bayan mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen da ya ɓata wa Musulmin duniya rai, tarzoma ta tashi a Damagaram ranar Juma'a 16 ga wata, washegari Asabar ta iso Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu a biranen biyu, ƴan sanda kuma suka ce majami'u 45 aka ƙona a babban birni. Ba mu san zanen ba, ba mu yarda da shi ba, amma a kanmu wutar ta sauka. Daga tsakar gidanmu ana hango hayaƙi ta fuskoki da dama. Maƙwabcinmu, dattijo mai yawan zuwa masallaci, shi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa ya ce da matata, "Maman yara, kwaso su ku shigo wurin Hajiya, ba mai taɓa ku sai ya bi ta kaina." A ɗakin matarsa suka kwana biyu. Irin wannan ya faru a unguwanni da yawa, kuma bai kamata a ba da labarin wutar a manta da shi ba.

Da ƙura ta lafa, iyayengiji biyu suka zo neman mu, tsoro da ramuwa. Tsoro ya ce mu ɓoye Littafinmu, mu canja wa ƴaƴanmu suna, ko mu tattara mu bar ƙasar kakanninmu. Ramuwa ba ta da ƙarfin ɗaukar makami, domin mu ƴan kaɗan ne, amma tana da ƙarfin zama a zuciya, ta sa mutum ya daina gai da maƙwabcinsa, ya riƙa kallon kowane yaron unguwa yana cewa ko da shi aka yi. Shugabannin ikilisiyoyi, na Katolika da na masu bishara, suka fito suka yi shelar gafara. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dabarar marar ƙarfi, tun da ba abin da za mu iya. Ni da na zauna a taron addu'a a tsakar wani gida, a kan tabarmi, da mutanen da ba su da sauran kujera ko littafin waƙa, na ga wani abu dabam. Wata tsohuwa daga cikin zumuntar mata ta ce da mu, "Ƴaƴana, ginin suka ƙona. In muka riƙe su a zuciya, mun ba su makullin ɗakin da wuta ba ta kai ba." Gafara ba ta hana a nemi shari'a ko a sake gini ba. Abin da ta hana shi ne wanda ya cuce ka ya ci gaba da mulkin tunaninka dare da rana. Kuma ba mai iya sakin haƙƙinsa haka sai wanda ya gaskata cewa akwai Alƙalin da ba a saye, cewa hukunci na hannunsa.

Shekaru uku bayan haka, a daren 17 ga Satumba 2018, ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, limamin Katolika ɗan Italiya, daga Bomoanga ta ƙasar Gurma, kusa da iyakar Burkina Faso. Ya yi sama da shekara biyu a hannunsu, yawanci a cikin hamada, sau da yawa da sarƙa a ƙafa, kafin a sake shi a Mali ranar 8 ga Oktoba 2020. Ba shi da Littafi Mai Tsarki, ba shi da majami'a, ba shi da ko sanin abin da gobe za ta kawo. Carbin addu'arsa ma da tsumma ya ƙulla shi. Bayan fitowarsa ya sha bayyana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi, ya kuma sa wa littafin da ya rubuta a kan wannan zama suna Catene di libertà, wato sarƙoƙin ƴanci. Ba na ɗaukar wannan suna a matsayin ƙawata wahala. Sarƙa sarƙa ce, kuma mun yi ta addu'a a kwance masa ita. Amma mutumin da aka ƙwace wa kome, ya rage ba shi da madogara sai Allah, ya fito ba ƙiyayya a ransa, ya nuna cewa akwai wani yanki a cikin ɗan Adam da bindiga ba ta mulka, muddin an riga an miƙa shi ga wani Mai shi.

Kada a ɗauka wannan dogara naɗe hannu ce. Ɗan da ya san gandun na gidansu ne ya fi bawa noma, domin ba idon ubangida yake yi wa aiki ba. Martin Luther, a ɗan littafinsa na 1520 a kan ƴancin Kirista, ya haɗa abubuwa biyu da ke kama da kishiyoyi: bangaskiya na ɗaga mai bi sama da ikon kowa, ƙauna kuma na sunkuyar da shi ya yi wa kowa hidima. Wanda ba ya bukatar ya sayi yardar Allah da aikinsa, hannunsa ya saku ya yi wa maƙwabci aiki kyauta. Asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950 a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, ya yi shekaru sama da saba'in yana karɓar marasa lafiya ba tare da tambayar addininsu ba. A unguwa kuma ana ganin wannan a ƙananan abubuwa: ma'aikacin da ya ƙi karɓar na goro alhali albashi bai kai ƙarshen wata ba, matar da ta raba tiyar hatsinta biyu ba ta san inda ta gobe za ta fito ba. Hausawa na cewa dogara ga Allah jari, jari kuwa ba a binne shi, juya shi ake yi.

Na taɓa tattauna wannan da dattijon nan maƙwabcina, muna zaune a ƙofar gida bayan la'asar. Ya ce, "Malam, ai abin da kake faɗa shi muke kira tawakkali. Mu dai bayin Allah ne, kuma ba ɗaukakar da ta wuce wannan." Na ce, "Gaskiya ne, Baba, mu ma muna kiran kanmu bayinsa. Bulus da kansa da wannan laƙabi yake buɗe wasu wasiƙunsa. Sai dai mun gaskata cewa Mai gidan ya fanshe mu, ya ce mu kira shi Uba." Ya girgiza kai, domin a aƙidarsa wannan kalma ba ta dace da girman Allah ba. Na bayyana masa cewa ba haihuwa irin ta jiki muke nufi ba, karɓa ce ta alheri, kamar yadda ake ɗaukar maraya a sa shi cikin ƴaƴa. Bai yarda ba, ni ma ban janye ba, aka zuba mana shayi na biyu. Amma mun rabu a kan abu guda da muka haɗu a kai: wanda ya durƙusa wa Allah da gaske, gwiwarsa ta yi tsada ga kowane mahaluƙi.

Saboda haka in ƴaƴana suka tambaye ni ko su masu ƴanci ne, ba na duba takardar haihuwarsu ko abin da ke aljihunsu. Nakan ce su duba wane ne suke tsoron ɓata wa rai fiye da kowa, wane abu ne in an ƙwace musu za su ga rayuwa ta ƙare, wane mutum ne suka kasa yafe wa. Duk inda amsar ta faɗa, can ubangidansu yake, can kuma suke kai murgu. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda muke yi da su kowace safiya kafin su tafi lakkol, da kiran Uba ta fara, kuma abincin yini ɗaya kawai ta roƙa. Bawa ne ke ɓoye guzuri a ƙarƙashin tabarma, domin bai san ranar da za a kore shi ba. Ɗa kuwa yakan ci na yau ya kwanta, gobe ya tashi ya ɗauki fartanya ya nufi gonar gidansu.